Wutar Kaka Daban, Wutar Bazara Daban: Abin da Kututturen Bishiya Ya Rubuta Game da Gobarar Daji

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda suka ce data ba ta isa su saurari murya.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Shekara biyu da suka wuce ni da abokaina mun dasa itatuwa ɗari uku a bayan wata makarantar firamare a ƙauyen su mahaifiyata. Mun yi hotuna, mun saka a Facebook, an yi ta yaba mana. Cikin watan Fabrairu wuta ta taso daga dajin da ke yamma da makarantar, kafin la'asar ta cinye dashen nan kusan duka. Na fusata ƙwarai. Na rubuta cewa a kama duk mai ƙona daji a ɗaure shi, a hana kunna wuta a daji kwata-kwata. Da na je ƙauyen ina ta faɗa, kawuna, wanda tsohon maharbi ne, ya bari sai da na gama sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ai da an ƙona wajen nan tun farkon kaka da itatuwanku suna nan. Wutar kaka daban, wutar bazara daban."

A lokacin na ɗauka kare 'yan'uwansa mafarauta yake yi. Sai daga baya da na zauna karatu a kan tarihin gobarar daji na tarar da wata ƙasa da ta gwada ainihin abin da na rubuta ɗin nan, ta hana wuta a dazuzzukanta na kusan shekara ɗari, da kuɗi da jiragen sama da dubban ma'aikata. Ƙasar ita ce Amurka. Yau labarinta zan ba ku, sannan mu dawo gida.

A kudu maso yammacin Amurka, a jihohin Arizona da Niyu Meziko, akwai tsaunuka da ke cike da wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura, ana ce mata ponderosa. Tana da kaurin ɓawo, kuma tana iya shekara ɗari uku, ɗari huɗu, har fiye. Idan aka yanka gungumenta za ku ga zobba a jere tun daga tsakiya har baki, kowane zobe shekara ɗaya ce. Shekarar da aka samu ruwa zoben yana da faɗi, shekarar fari kuwa siriri ne kamar zare. To idan wuta ta bi ta gindin bishiyar ta ƙona gefe ɗaya amma ba ta kashe ta ba, sai tabo ya zauna a kan zoben wannan shekarar, bishiya ta ci gaba da girma ta rufe shi. Wuta ta sake zuwa, wani tabon ya sake zama. Akwai kututturen da ake samun tabo ashirin ko talatin a jikinsa.

Kun ga kenan bishiya ɗaya tana riƙe da labari biyu a shafi ɗaya, labarin ruwan sama da labarin wuta. A Jami'ar Arizona akwai ɗakin bincike na musamman a kan zobban itace da wani masanin taurari, A. E. Douglass, ya kafa a 1937. Masu bincike a can, irin su Thomas Swetnam, sun tattara dubban irin waɗannan gungume daga tsaunuka daban-daban, suka jera shekarun.

Abu na farko da suka gani shi ne wuta ba baƙuwa ba ce a dajin nan. Ɗaruruwan shekaru tana zuwa a kai a kai, wani wurin duk shekara biyar, wani wurin duk shekara goma. Amma wuta ce mai rarrafe. Tana bin ƙasa, ta ci ciyawa da busasshen ganye da ƙananan itatuwa, ta lashi gindin manyan ta wuce. Dajin ya kasance a buɗe, manyan itatuwa nesa da juna, ciyawa a tsakani, mahayi zai ratsa shi a kan doki ba tare da ya sunkuya ba.

Abu na biyu shi ne hannun yanayi. Akwai shekarun da tabon ke bayyana a tsaunuka da yawa lokaci guda, tsaunukan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita tsakaninsu. Ba mutum ɗaya ne ya bi su ya kunna ba. Shekarar 1748 ta yi fice a irin wannan. Da aka duba faɗin zobba sai aka ga shekarar fari ce, kuma shekarun da suka gabace ta an sha ruwa sosai. Ku riƙe wannan da kyau, don za mu sake cin karo da shi a Nijar: ruwa mai yawa yana tara ciyawa, fari ya zo ya busar da ita, sai a jira tsawa ko ashana. Har an gano cewa wannan sauyi na ruwa da fari a yankin yana da alaƙa da ɗumi da sanyin tekun Pasifik, abin da ake kira El Nino da La Nina. A can, La Nina ce ke kawo fari da yawan wuta.

Sai abu na uku, wanda shi ne ya sa na ajiye wayata na yi shiru. Tsakanin 1880 da 1900 tabon ya tsaya. A tsauni bayan tsauni, bishiyar da ta saba shan wuta duk 'yan shekaru sai ta yi shekara ɗari ba tabo ko ɗaya. Kuma ba a daina fari ba, ba a daina tsawa ba.

Me ya faru? Tumaki ne da shanu. Layin dogo ya iso yankin a wajajen 1880, kasuwar ulu da nama ta buɗe, aka cika tsaunukan da miliyoyin dabbobi. Suka cinye ciyawar da wuta ke hawa ta yi tafiya, suka tattake sauran, hanyoyinsu suka yanka daji gida-gida. Tsawa za ta faɗo, wuta ta kama, amma ba ta da abin da za ta bi. A daidai wannan lokaci kuma an riga an kori mutanen asalin ƙasar, irin su Apache da Navajo, daga yawancin filayensu an tattara su a keɓaɓɓun wurare. A sassa da dama na Amurka mutanen asali suna kunna wuta da gangan, saboda farauta, saboda tsirran da suke ci ko suke saƙa da su, saboda share kewayen gari. A Kalifoniya tun 1850 aka sa hukunci a kan kunna wa fili wuta, a cikin wata doka da aka yi musamman a kan mutanen asali.

Wani zai ce, ta yaya aka tabbatar dabbobi da mutane ne suka tsayar da wutar ba sauyin yanayi ba? Amsar tana tsallaken iyaka. A arewacin ƙasar Meziko akwai tsaunuka masu irin waɗannan itatuwa da kusan irin wannan yanayi, inda kiwo mai yawa bai isa da wuri ba. A can tabon bai tsaya a 1900 ba, ya ci gaba har tsakiyar ƙarni na ashirin, wasu wuraren ma har bayan haka. Sama ɗaya, ruwa ɗaya, amma tarihin wuta ya rabu saboda abin da mutane suka yi da ƙasa.

Abin da tumaki suka fara, gwamnati ta ƙarasa. An kafa hukumar kula da dazuzzukan Amurka a 1905. Shekara biyar bayan haka, a ranakun 20 da 21 ga Agusta 1910, iska mai ƙarfi ta haɗe ɗaruruwan ƙananan gobara a jihohin Idaho da Montana da ke arewa, suka zama wuta ɗaya. Ta ci kimanin hekta miliyan 1.2, wato fiye da rabin faɗin Jihar Kano, cikin kwana biyu. Sama da mutum 80 suka mutu, yawancinsu masu kashe wutar ne. Wannan abu ya shiga ran hukumar bai fita ba. A 1935 ta kafa ƙa'ida cewa duk wutar da aka ba da rahotonta a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. A 1944 aka fito da zanen wata dabbar daji, beyar, mai suna Smokey, tana sanye da hula tana gargaɗin yara da manya a kan wutar daji. Kamfe ne da ya yi nasara irin wadda mu masu fafutika muke mafarki, wallahi. Tsararraki suka taso sun yarda cewa kowace wuta a daji ɓarna ce.

To amma daji bai daina girma ba don an hana shi ci da wuta. Ƙananan itatuwan da a da wuta ke ragewa duk suka rayu. Inda ake da itatuwa 'yan gommai a hekta ɗaya, aka koma ɗaruruwa, wasu wuraren dubbai, sun cunkushe suna rububin ruwa. Busasshen ganye da rassa suka taru a ƙasa shekara da shekaru. Mafi muni, matsakaitan itatuwa suka zama tsani. Wutar da a da take tsayawa a gwiwar mutum yanzu tana da matakala har saman manyan itatuwa, kuma da zarar ta hau sama iska ta ɗauke ta, kaurin ɓawo ba ya ceton komai.

A kan wannan tulin ne ɗumamar yanayi ta sauka. Zafi ya ƙaru, dusar ƙanƙarar da ke kan tsaunuka tana narkewa da wuri, iska mai zafi tana tsotse danshi daga itace da ganye, lokacin gobara ya yi tsawo. Daga zobban itatuwa ɗin nan dai aka lissafa cewa shekarun 2000 zuwa 2021 su ne shekara 22 mafi bushewa a yankin cikin aƙalla shekara 1,200. Wani bincike na 2016 kuma ya ƙiyasta cewa sauyin yanayin da ɗan'adam ya jawo ya kusan ninka faɗin dajin da ya ƙone a yammacin Amurka tsakanin 1984 da 2015.

Misali ɗaya ya isa. A watan Yunin 2011 bishiya ta faɗa kan wayar lantarki a tsaunukan Jemez na Niyu Meziko. Gobarar da ta tashi, wadda aka sa wa suna Las Conchas, ta ci fiye da hekta 60,000. A wurare da yawa ta kashe itatuwan ponderosa gaba ɗaya, har babu uwar da za ta zubar da iri, wajen ya koma ƙaya da ciyawa. Kuma tsaunukan nan ne kakannin mutanen Jemez suka zauna a cikinsu ɗaruruwan shekaru, a manyan garuruwa, suna saran itacen girki, suna kunna ƙananan wuta a kewayensu, dajin bai ƙone haka ba.

Kada in yi muku ƙarya cewa maganin mai sauƙi ne. An soke ƙa'idar ƙarfe goma a 1978, kuma yanzu hukumar da kanta tana kunna wuta da gangan don rage abin da ya taru. A 2022 irin wannan wuta ta kufce wa ma'aikatanta a Niyu Meziko, ta haɗe da wata, ta zama gobara mafi girma a tarihin jihar, ta cinye ɗaruruwan gidaje. Mayar da wuta dajin da aka hana shi ita shekara ɗari, a lokacin da iska ta fi zafi da bushewa, aiki ne mai hatsari. Sannan ba kowane daji ne ponderosa ba. Akwai dazuzzukan can saman tsauni masu sanyi, irin na gandun Yellowstone, da tun asali sai bayan shekara ɗari ko fiye suke ƙonewa, kuma idan sun tashi ƙurmus suke yi, kamar yadda aka gani a 1988. A irin waɗannan, fari da iska ne ke da babbar magana. Shi ya sa idan na ga ana musu a intanet, wannan ya ce sauyin yanayi ne kawai, wancan ya ce sakacin masu kula da daji ne kawai, tambayar da nake yi ita ce, wane daji?

To, wane daji ne namu?

Namu na ciyawa da itatuwa ne, mai damina da rani, kuma mafi yawan ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a nahiyarmu take. Itatuwanmu sun san wuta. Ku dubi ɓawon kaɗanya, kauri ne da shi da tsaga-tsaga kamar bayan kada. Turawan mulkin mallaka ma sun yi irin fushin da na yi, suna ganin baƙin mutum yana lalata daji. Wani masanin gandun daji Bafaranshe, André Aubréville, ya kafa gwaji a 1936 a Kokondekro, kusa da birnin Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa. Fili uku: ɗaya ba a barin wuta ta taɓa shi, ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya kuma a ƙarshen rani. Aka yi ta maimaitawa shekaru gommai. Wanda aka hana wa wuta ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu taurin rai. Wanda ake ƙonawa da wuri kuwa ya riƙe itatuwansa masu yawa. A Najeriya ma an yi makamancin gwajin a gandun Olokemeji da ke kudu maso yamma, sakamakon bai bambanta sosai ba.

Dalilin a fili yake. A farkon rani ciyawa tana da sauran danshi, raɓa tana sauka da dare, wuta tana tafiya a hankali, ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta. Waɗannan wuraren da ta riga ta ci su ne ke tare wutar da za ta zo daga baya. A Fabrairu da Maris kuwa hunturu ya gama busar da komai, iska tana kaɗawa, itatuwa sun fara fitar da sabon toho, wuta tana zuwa da tsayi da zafi ta gasa su. Maganar kawuna kenan, shi da bai taɓa jin sunan Aubréville ba.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma galibin raguwar a dazuzzukan ciyawa irin namu ne. Ba wa'azinmu ne ya yi aiki ba fa. Gonaki ne suka haɗe, hanyoyi suka yanka daji, shanu suka cinye ciyawa, labarin tumakin Arizona dai. Ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ga wutar daji a kewayen Kano. Babu abin da za ta ci. Wanda yake murna cewa wuta ta ragu a irin wannan wuri, ya duba ko dajin ne ya tafi da ita.

A Nijar kuwa, a yankunan kiwo na Tawa da Maraɗi da Damagaram, shekarar da damina ta yi kyau ciyawa ta cika fili ita ce shekarar da makiyaya ke kwana da fargabar wuta, domin rana ɗaya tana iya cinye abincin dabbobi na rani guda. Shi ya sa bayan damina ake fita ana share dogayen hanyoyi a cikin ciyawa don tare ta. A wurin makiyayin can wuta asara ce tsagwaronta, kuma ba zan je in yi masa lacca a kan amfaninta ba. 'Yan'uwanmu na zango a Gana su kuma su tambayi iyayensu labarin 1983, lokacin da fari ya busar da yankin kurmi, wutar daji ta shiga gonakin koko da na abinci, yunwa ta biyo baya. Dajin kurmi bai saba da wuta ba, ɓawon itatuwansa ba shi da kauri, don haka abin da kaɗanya za ta shanye shi kashe shi yake yi.

Ga ɗan ƙarin da ban iya bari ba. Kun san gamba, wadda ake zana da ita? A shekarun 1930 aka kai ta arewacin Ostareliya don ciyar da shanu, kuma har yau da sunan gamba suke kiranta a can. Ta tsere daga gonakin kiwo ta bazu, tana tsayi har mita huɗu, ba masu yanka ta su yi zana ko jinka. Idan ta bushe ta kama wuta tana ci da zafin da itatuwan can ba su saba da shi ba, tana kashe su. A 2008 hukumomin yankin suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa. Tamu ce, a nan ba ta dame mu haka ba, don muna yanke ta dabbobi kuma suna ci.

Ban janye duka maganata ta farko ba. Wanda zai cinna wa daji wuta a watan Maris don ya kama gafiya biyu, ya ƙona amfanin gonar da wani bai kwashe ba da rumbunsa, mai laifi ne, a hukunta shi. Wanda na janye shi ne kiran a hana wuta baki ɗaya, domin a daji irin na ƙauyenmu ciyawar da ba a ƙona a Nuwamba ba tana nan tana jiran Fabrairu, kuma kullum akwai mai guntun sigari.

Bana mun sake dasawa a bayan makarantar, guda ɗari da hamsin, don abin da za mu iya kula da shi kenan. Mun je mun gaishe da mai gari, ya haɗa mu da sarkin baka da ardon rugar da ke kusa. An tsayar da cewa da zarar an gama girbi za a share fili mai faɗi a kewaye da dashen, a kwashe ciyawar a ba masu dabbobi, sannan a ƙona gefen yamma da sassafe kafin iska ta tashi, da mutane riƙe da ɗanyen ganye suna gadi. Kawuna ne zai zaɓi ranar, ni nawa ɗaukar jarka.

Idan a garinku akwai lokacin da dattawa suka sani na ƙona daji, ko wata doka ta gargajiya a kan wuta, ku rubuta mana sunan garin da yadda ake yi, zan karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.